Iyon da Kogin Hong Ya Yi wa Khiem

Wata huɗu ke nan da kamfani ya ɗauko Khiem daga Nha Trang ya dire shi a Hanoi, kuma a wata huɗun nan babu abin da ya motsa a jikinsa sai baki. Shekara bakwai a jere bai taɓa fashin gasar birnin Da Nang ba, wadda ake faɗawa teku a yi iyo, a fito a haye keke, a sauka a kama gudu har sai an ga layin ƙarshe ko an ga motar asibiti. Amma yanzu benensu mai hawa huɗu ma sai ya tsaya a na uku yana duba waya, wai ko an kira shi.

Dalilai kuwa yana da su birjik. Iskar Hanoi hayaƙi ce. Tituna babura sun cinye. Wurin iyon unguwarsu yara sun mayar da shi kwanon wanka. Da sanyi ya wuce sai raɓa ta zo, bango yana zufa, takalmin gudu yana funfuna. Duk gaskiya ne, ba wanda zai ƙaryata shi. Abin da bai faɗa ba shi ne, a Nha Trang in ya iso bakin teku da ƙarfe biyar, mutum talatin ne ke juyowa su ce, "Kyaftin ya iso." A nan kuwa mai gadin ofishinsu har yau tambayarsa yake wa ya zo nema. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma mutum mai shekara arba'in da uku ba shi da inda zai kai ƙarar cewa ba a kallonsa.

Ranar Litinin matarsa Nhan ta ajiye masa kwanon taliya, ta ajiye wayarsa kusa da kwanon.

"Baban Bong, masu gasar nan sun sake turo saƙo. Ranar Juma'a da ƙarfe sha biyu za su rufe janyewa. Ko ka janye mu huta, ko ka tashi."

"Ina nazari."

"Wata huɗu kana nazari. Da digiri ne da yanzu mun sha biki."

"Ke ba ki san tsarin horo ba. Hutu ma horo ne."

"To ai kuwa ka zama zakaran duniya." Ta zuba wa kanta shayi. "Goggo Luu ta hawa na biyu kullum sai ta je iyo a Kogin Hong. Shekararta sittin da tara. Ka bi ta mana, ko takalmi ka riƙe mata."

Janyewa dai ba zai iya ba, don ya san daga ranar da ya danna wannan maɓalli ya gama zama ɗan wasa, sai dai ya riƙa ba 'yarsa Bong labarin da. Tashi kuma ya gagara. Maganar riƙe takalmin ce kawai ta tsaya masa a wuya, ita ce ta sa ranar Talata da sassafe ya sauko da jakarsa ya tarar da Goggo Luu tana tayar da babur.

Suka ajiye babura a kan tsohuwar gadar ƙarfe, suka sauka matakala, suka ratsa gonakin ayaba har bakin ruwa. Mutum kusan ashirin ne a wurin, mafi ƙanƙantarsu ya yi jika. Kowa ya ɗaura igiya a ƙugu, a ƙarshen igiyar kuma jarka ce wadda ba komai a cikinta. Goggo Luu, wadda ta yi shekara talatin tana duba tikiti a jirgin ƙasa kuma har yau da wannan muryar take magana, ta miƙo masa wata jarkar man girki.

"Ɗaura."

"Goggo, ni fa kilomita huɗu nake yi a teku, ban san iyakar sau nawa ba."

"Teku," ta ce, kamar an ambaci wani ɗan'uwanta marar aikin yi. "Ruwan da ke zuwa ya koma, ya zo ya koma, bai taɓa isa ko'ina ba. Ɗaura, ɗana."

Khiem ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ajiye jarkar a kan yashi. Ya gyara hular roba, ya tofa wa tabaran ruwansa yawu ya goge, ya daidaita agogon hannunsa wanda ke ƙirga nisa da sauri da bugun zuciya, da ma wasu abubuwan da likita bai taɓa tambaya ba.

Mutanen wurin suna da tsarinsu. Kowa in ya shiga sai ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya bi gefen gaɓa yana kokawa da shi har ya kai wasu turakun gora da suka kafa can sama. In ya gaji sai ya kwanta rigingine, kogi ya dawo da shi inda ya ajiye wandonsa. Ba wanda ya yi wa Khiem bayani, don a wurinsu abin bai kai a yi bayaninsa ba. Shi kuwa da ya tsaya yana kallonsu, abin da ya gani kawai tsofaffi ne suna dukan ruwa ba tsari, kai a sama, jarkoki na binsu, minti biyar ba su wuce inuwar bishiya ɗaya ba. Har tausayi suka ba shi.

Nasa tsarin a rubuce yake tun Nha Trang: minti ashirin tafiya, a juya, minti ashirin dawowa. Ba zai tsaya bayan layin 'yan fansho yana shan ƙafarsu ba. Ya dubi ɗaya ɓangaren, ya ga ruwa fili ba kowa, ya danna agogo ya faɗa.

Bai taɓa jin daɗin iyo irin na ranar ba. Hannu ɗaya in ya jefa sai ya ga gaɓa ta wuce fuu. Agogo ya girgiza, ya ɗaga hannu ya duba: mita ɗari cikin daƙiƙa hamsin da takwas. A iya rayuwarsa bai taɓa sauka ƙasa da minti ɗaya da rabi ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa. Khiem kuwa cewa ya yi a ransa, ashe dai hutu horo ne, bari ya koma gida ya nuna wa Nhan. Har ya fara tsara yadda zai faɗa mata ba tare da ya nuna yana jin daɗi ba.

Minti ashirin suka cika, agogo ya yi ƙara, ya juya kamar yadda takarda ta ce.

Gadar da ya baro ta koma 'yar ƙarama can nesa. Ya sa kai ya ja ruwa da ƙarfi sau hamsin, ya ɗago. Wani kwalekwale da ke ɗaure a gaɓa, wanda ɗazu yake daidai kafaɗarsa, yanzu yana gabansa. Ya ƙara wuta. Kwalekwalen ya ƙara nisa. A nan ne ido ya raina fata. Wata huɗun da ya yi a kujera suka zo gaba ɗaya suka zauna masa a kafaɗu, numfashi ya guntule, ƙafar hagu ta ɗaure. Ya sha ruwa mai ɗanɗanon laka, ya sake sha. Can ƙasa wani jirgin ɗaukar yashi yana tahowa, ba alamar ya san da wani kyaftin a gabansa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ya sa ya ga fuskar Bong tana ɗaure takalmin makaranta.

Sai wani abu ya buge shi a ƙeya. Jarkar man girki ce.

"Rungume," in ji Goggo Luu. Tana kwance a kan ruwa, tata jarkar a ƙugu, ko haki ba ta yi. "Na ba ka minti biyar ka gane da kanka, na ga ba ka da niyya."

Ya rungumi jarkar da hannu ɗaya. Da ɗaya hannun kuwa, tun kafin ya ce an gode, sai da ya lalubo agogo ya tsayar da shi. Goggo ta ga wannan, ta kawar da kai.

"Kada ka yi faɗa da shi. Bar shi ya tafi da kai, kai dai ka riƙa karkata hagu kaɗan-kaɗan."

Haka suka fito a bakin wata gonar masara. Daga nan sai tafiyar ƙasa, kilomita uku, ba takalmi, shi da ɗan wandonsa mai matse jiki da hular roba, yana rungume da jarka. Mata masu cirar ganye suka dakata da aiki suka raka shi da ido.

"Ai ka ce wasa uku kuke yi," Goggo ta ce. "To ga na biyu. Keken ne dai ban tanadar maka ba."

"Goggo, da kin faɗa mini tun farko."

"Na ce ka ɗaura. Duk shekara sai mun samu mai agogo guda ɗaya. Na bara har gada ta gaba ya kai, 'yan kamun kifi suka dawo mana da shi. Kai ka yi ƙoƙari."

Da suka iso wurin kaya, agogo ya haɗu da waya, ya yi abin da ya saba: ya aika sakamakon iyon zuwa manhajar da 'yan wasa ke nuna wa juna abin da suka yi. Kilomita uku cikin rabin awa. Kafin Khiem ya isa ofis, mutum tamanin da ɗaya sun ɗaga masa babban yatsa. Toai, abokin horonsa na Nha Trang, har kira ya yi.

"Kyaftin, me kake ci a Hanoi ne? Ashe ɓuya ka yi kana shirya mana mugunta."

"Horo ne kawai," in ji Khiem.

Abin da ya yi wata huɗu yana ƙishirwarsa ke nan, ga shi ya samu har ya yi yawa, kuma bai taɓa jin kansa ƙarami kamar ranar ba. Yabo tamanin da ɗaya, duk na kogi ne, shi nasa a ciki shan laka. Laraba da Alhamis ya wuni yana buɗe wayar yana rufewa. A gida kuwa labarin ya riga ya hau benen tun daga hawa na biyu. Sau ɗaya kawai Nhan ta taɓo maganar, tana yanka albasa, ta ce, "Goggo ta ce jarkar kyauta ce, ba sai ka mayar ba."

Ranar Juma'a ya riga Goggo Luu sauka. A bakin ruwa ya ɗaura igiya ba tare da an ce masa ba, ya shiga bayan layin 'yan fansho, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa.

Wahala ce tsagwaronta. Minti goma yana kallon kututturen ayaba guda a gaɓa, kututturen na kallonsa. Wani tsoho mai haƙori huɗu ya wuce shi, har ya samu sararin cewa, "Sannu da hutawa, ɗan teku." Wata tsohuwa ta wuce shi da iyon kwaɗo. A nan wani abu da ya daɗe a kwance ya tashi a ƙirjin Khiem. Haushi ne, irin wanda yake ji a da in wani ya sha gabansa a kan keke, kuma ya yi kewarsa fiye da yadda ya yi kewar teku.

"Matso gaɓa," Goggo ta ɗaga murya daga gaba. "Tsakiya na masu ƙarfi ne da wawaye."

Ya matso. Kututturen ya fara ja baya, taƙi-taƙi. Da agogo ya cika minti arba'in, hannunsa ya kama turken gora na farko, wanda tsofaffin ba sa ma lissafa shi. Ya riƙe shi yana haki, kafaɗu na zafi, yana dariya shi kaɗai. Goggo ta zo wucewa rigingine, kogi na mayar da ita.

"Gobe na biyu," ta ce, ruwa ya yi gaba da ita.

Agogo ya ce mita ɗari da goma cikin minti arba'in. A kan gada Khiem ya tsaya da waya a hannu. Yana iya hana ta aikawa, ba wanda zai sani. Ya goge na ranar Talata da yabonsa duka, ya bar na yau ya tafi.

Ƙarfe sha biyu ta same shi a ofis. Saƙon janyewa na buɗe a gabansa, ya zuba masa ido har lokaci ya wuce da minti ɗaya, sannan ya rufe ya tafi cin abinci. Daga Nha Trang shiru kake ji, sai Toai da ya rubuto, "Agogonka ya lalace ne?" Mutum tamanin ɗin nan duk aiki ya riƙe su.

Wajen ƙarfe uku waya ta motsa. Babban yatsa guda ɗaya, daga wani shafi da aka buɗe a ranar, ba hoto, ba ko taku ɗaya na gudu a cikinsa, sai suna kawai: Nhan. A ƙasa ta rubuta, "Na gani, Baban Bong. Ka taho da burodi."