Takardarmu a Kwamitin Gandun Daji

Shekara talatin ina aikin ungozoma, ban taɓa ganin shirme irin na ranar da muka je majalisar jiha ba.

Ni da ƙanwata Auta muka je. Ciwon daji gare ta a nono, kuma maganin da likita ya ce shi zai riƙe ta ba ya cikin waɗanda gwamnati ke kai wa asibitocinta. Mu mata arba'in muka sa hannu a takarda: a saka maganin a ciki, a kuma ware kuɗin gwaji a ƙananan asibitoci don a riƙa kama ciwon tun da wuri. Aka ce mu zo ranar Talata, ɗaki na shida, an ba mu minti biyar.

Muka shiga. Dogon tebur, maza bakwai, ga taswira a bango duk kore. Wani mai rigar kaki yana ta zuba bayani kan masu sare itatuwa suna yin gawayi. Na zauna ina jiran a zo kan lafiya. Daga gawayi sai aka koma gobara.

Na matsa kusa da magatakarda. "Ɗana, wane kwamiti ne wannan?"

"Na gandun daji, Mama."

"Gandun me?"

Ya buɗe fayil, ya dafe kai. Ashe bawan Allahn da ke raba takardu yana ganin "daji" a saman tamu bai ƙara karanta ko harafi ba, ya turo mu wurin masu itatuwa. Kwamitin lafiya yana hawa na sama, zai rufe sauraron jama'a ƙarfe sha biyu, ga shi saura kwata. Sunanmu kuma ba ya jerinsu, ko mun hau ba mai barinmu shiga.

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Auta ta ja mayafina ta ce, "Yaya, mu tafi kawai." Na ce wallahi ba inda za ni. Na miƙe na fuskanci shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau a karan hanci.

"Ranka ya daɗe, minti biyar aka ba ni a ɗakin nan, kuma sai na ci abina. Ku dajinku wuta ke cinsa, mu namu dajin mu yake ci."

Suka kwashe da dariya. Na bari suka gama. Sannan na gaya musu yadda mace ke zuwa wurina da ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, ba ni da inda zan tura ta a duba, sai bayan shekara ta dawo ya zama gyambo. Na ce, "In an zo ƙuri'a a zauren majalisa ai ku ma kuna ɗaga hannu. Ko hannun naku na itatuwa ne kaɗai?"

Dattijon ya ce, "Hajiya, kuskure ne, a yi haƙuri. Za mu tura takardar, a saurare ku a zama na gaba."

"Yaushe ke nan?"

Magatakarda ya duba. "Bayan hutu. Wata huɗu."

Auta ba ta ɗaga murya ba. "Likita ya ce uku."

Ba wanda ya sake dariya. Dattijon ya cire tabarau, ya rufe fayil ɗin gawayi, ya miƙe. "An ɗage zama. Kai, ɗauko takardarsu. Ku biyo ni."

Haka muka hau bene, shi a gaba, maza shida a bayanmu suna haki. Masinja ya fara jan ƙofar kwamitin lafiya ke nan, dattijon ya sa hannu ya tare. "Baƙina ne," in ji shi. Aka buɗe.

Na gyara mayafi, na gyara murya, don magana cike da bakina. Sai na ji Auta ta riƙe min hannu.

"Yaya, kin yi naki. Jikina ne, bari in faɗa musu da kaina."

Ta wuce gabana ta tsaya. Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba, na ja kujera na zauna.