Harawar Jar Akuya

Dabo yana jan buhun harawa na ƙarshe daga ɗakin ajiya sai matarsa Sakinatu ta tare bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Malam, har da wannan?"

"Har da shi."

"Ita kuma ta ci me?" Ta nuna jar akuyar da ke ɗaure a turke, cikinta ya sauka, watan haihuwarta ya kama. Tun asuba akuyar take kuka, har muryarta ta dushe.

"Na yau ne kawai. Da sun zo sun gani sun tafi, zan kwaso mata rabi."

"Haka ka ce ranar Talata."

Haka kuwa ya ce. Ta matsa gefe, ya ja buhun ya fita. Ba zai iya ɗora shi a ka ba. Tun shekara biyu da suka wuce, da amalanke ya kife da shi a hanyar kasuwa, bayansa ya ƙi lanƙwasuwa, ko salla a zaune yake yi. Don haka jan buhun yake yi a ƙasa, ya yi taku ashirin ya tsaya ya huta. Gindin buhun kuwa a yage yake, ganyen harawar gyaɗa yana ta zuba a bayansa tun daga ƙofar gida, shi bai ko waiwaya ba.

Lambun da yake nufa gado ne, nasa ne shi da ƙaninsa Khalilu, ba a taɓa rabawa ba. Fangali goma sha shida ne da rijiya ɗaya, a gangaren da ke bayan ƙauyen. Da can idan ka tsaya a wurin ba ka hango komai sai gonaki. Yanzu gidajen bulo sun taho daga wajen Ungogo, kowace shekara sai sun ƙara matsowa, kuma masu sayen fili sun san sunan kowane magaji. Khalilu adaidaita sahu yake ja a birni, ga tsadar mai, ga 'ya'ya shida, ga injin da kullum yana wurin makaniki. Ba mugu ba ne, yunwa ce ta koya masa maganar fuloti.

Bara ciyawa ta cinye lambun. Dabo ba ya iya sunkuyawa da fartanya, 'yan ƙwadago sun fi ƙarfinsa, maganin feshi kuma ya zama abin kallo a kanti. Jiji da ƙiri-ƙiri suka rufe fangulan har ba a gane inda aka shuka albasa. Khalilu ya kawo wani mai saye, mutumin ya zagaya yana ɗaga ƙafar wando, ya ce sai an rage masa saboda ɗawainiyar sharar fili. Dabo ya ƙi sa hannu. Da magana ta kai gaban mai unguwa, aka tsaya a kan abu ɗaya: a ba Dabo ranin bana. Idan an zo an ga lambu ya kama, za a bar masa. Idan ba haka ba, a sayar a raba. Ranar zuwa ganin ita ce yau, bayan sallar Juma'a.

Dabarar da ya dogara da ita, shi da kansa ya tsince ta. Ya taɓa ajiye damin kara a kusurwar lambun ya manta da shi, ranar da aka ɗaga sai ya ga ƙasan wurin baƙi ƙirin, da damshi, ko tsiro ɗaya babu, alhali ko'ina ciyawa ce har gwiwa. Bana da ya dasa kabeji da salak, sai ya shiga lulluɓe ƙasar da ke tsakaninsu. Ya fara da ɓawon gyaɗa, ya bi da ganyen darbejiya da ya tara da manjagara. Da suka ƙare ya sassare karan dawar da ya tanada don gyaran shinge. Da shi ma ya ƙare sai ya waiwayi abincin akuya.

A wannan yanki ba a zubar da kara a ƙasa. Da shi ake danga, da shi ake girki, shi dabba ke ci, ballantana bana da ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ta zama sai wane da wane. Shi ya sa mutane suka yanke cewa ciwon baya ya haura wa Dabo zuwa ka.

Yana zaune a kan kujerar tsuguno yana tura harawar da sanda cikin fangali na ƙarshe, maƙwabcinsa Mika'ilu ya leƙo ta saman shinge.

"Sannu da aiki, Malam Dabo. Yau kuma katifa ake shimfiɗa wa kabeji?"

"Yi dariyarka. Kai sau nawa ka yi noma a naka?"

"Sau uku, kuma ga ta nan ta dawo." Mika'ilu ya dubi fangulan. Kabejin ya fara naɗewa, salak ya yi kore shar, babu ciyawa ko ta magani. Ya haɗiye zolayar da ya zo da ita, ya nuna gabas da leɓe. "Amma wancan gefen fa? Ƙayar magarya biyu ba shinge ba ce. Ka san an saki dabbobi tun wancan makon."

"Na sani. Idan na sayar da salak zan sayi kara."

"Allah ya kai mu."

"Amin."

Dabo ya san ƙa'idar kamar yadda kowa ya san ta. Duk damina dabba a turke take, wanda tasa ta shiga gona sai ya biya. Amma da an gama kwashe amfani mai unguwa ya sa an yi shela, to an saki ke nan. Daga ranar, mai ɗanyen abu a fili shi zai tsare abinsa, ba shi da bakin kai ƙara. Sai dai kwana tara ke nan da shelar, shingen bai ba shi kunya ba, kuma awa biyu kawai zai yi. Ya ɗaure ƙyauren lambun da igiya, ya dogara sanda ya nufi masallaci.

A hanyar dawowa bakinsa bai yi shiru ba. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun kafin amalanke. Yana tsakiya, mai unguwa a dama, Khalilu a hagu da hula a hannu, yana ba su labarin yadda yanzu sai bayan kwana uku yake ban ruwa, da yadda tsutsar ƙasa ta dawo.

"Yaya, ni fa ba ƙin lambun nake yi ba," in ji Khalilu. "Idan ya kama, wallahi na haƙura."

"Za ka gani da idonka."

Da suka karya kwanar da ta gangara lambu, Dabo ya dubi ƙasa. Hanyar da ya ja buhu da safe tana nan, layinta a fili, amma babu ganye ko ɗaya a kai. An lashe ta tas, sawun kofato ya tattake ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ya so ya yi gudu, bayan ya hana shi, sai sauri irin na mai sanda.

Awaki sun fi ashirin a ciki. Sun ture ƙayar gabas sun kwantar da ita. Ba su ma ɗago kai ba da suka ji mutane, domin dabbar da ta yi watanni tana lasar turke ba ta san tsoro ba. Harawar ce ta kira su, da suka gama da ta sama suka wuce kan salak, sannan kabeji. Abin da ya rage kututture ne farare, jere a layi yadda ya dasa su. A fangali na ƙarshe, inda ya shimfiɗa ta safiyar nan, jar akuya ce tsaye da cikinta, tana ci a natse.

Khalilu ya tattare riga ya shiga kora da jifa. Dabo bai taya shi ba. Ya lallaɓa ya zauna a bakin rijiya. Baƙin cikin da ya taso masa ya wuce na kuka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mai unguwa. Ya daɗe yana duban wurin. "Dabo, ba ni da wanda zan kira maka. Ni na sa aka yi shelar."

"Na sani, ranka ya daɗe. Wadda ta jawo su ma tawa ce."

Sai ga Sakinatu ta gangaro da mayafi, igiya a hannunta, tana neman akuya. Ta tsaya cak a inda shingen ya kwanta.

"Malam, ni na kwance ta. Kukan ne na kasa jurewa. Na ce ta je ta tsinci ko ganye ne a bakin hanya."

"Ta kuwa tsinta," ya ce. Babu faɗa a muryarsa. "Ni na jera mata shi har nan."

Khalilu ya gama korar na mutane, ya ɗaga dunƙulen ƙasa zai jefi jar.

"Ƙyale ta. Abincinta take ci."

Khalilu ya yar da dunƙulen. Ya tsuguna a bakin wani fangali, ya ture guntun kara da ɓawon gyaɗa, ya cusa yatsu a ƙasa. Da ya zaro su, laima ce a jikinsu. Ya matsa gaba ya sake turewa, ya sake, har ya kai ƙarshen layin.

"Yaya, ashe abin nan yana yi."

"Yana yi."

"Ko jiji ɗaya ban gani ba."

"Babu."

Khalilu ya goge hannu a wando, ya kasa duban yayansa. "Ko a ƙara maka wata biyu? Sai in san abin da zan gaya wa masu sayen."

Dabo ya auna maganar, don ya so ta yiwu. Amma irin dashe ya ƙare, zafi ya kusa, ruwan rijiyar ya fara ja da baya. Babu kara, babu harawa, duk abin da zai lulluɓe ƙasa da shi yana cikin tumbin awakin gari. Ya kuma ga takalmin Khalilu, wanda aka ɗinke da waya. Ya girgiza kai.

"Magana muka yi a gaban manya. Kira su."

Mai unguwa ya yi masa jaje ya juya. Sakinatu ta ɗauko yagaggen buhun ta shiga tattara ragowar harawar, saboda akuyar za ta nemi abin ci gobe ma. Duk inda ta kwashe sai ƙasa ta bayyana baƙa, mai laushi, irin wadda mahaifinsu bai taɓa samu ba duk da shekarunsa a kan fartanya. Khalilu ya ciro waya yana neman lambar mai sayen fili.

"Khalilu."

"Na'am, Yaya."

"Ka gaya masa bana kada ya rage ko kwabo. Na share masa filin."