La'asar a Zango na Biyu

Sunana Manniru, kuma tsawona ne ya kawo ni Sabo. A Ojoo nake buga ƙwallon kwando tare da yaran tasha, da safe kuma ina lodin goro a motocin da ke hawa Arewa. Ƙungiyar Matasan Sabo ba su da dogo, mu kuma ba mu da mai jefawa daga nesa, sai kocinmu da nasu suka zauna suka yi musaya. Aka ba su ni, su kuma suka ba da wani yaro Salisu. Ba a tambaye ni ba, amma ban ji haushi ba, don yayata Ruƙayyatu tana aure a Sabo, ko ba komai zan riƙa cin tuwon gida.

Sharaɗin shi ne wasa shida. Bayan wasa shida, Koci Aminullahi na Sabo zai rubuta sunaye goma sha biyu da za su je gasar jiha. In sunana yana ciki, musaya ta zauna. In babu, Salisu ya dawo gida. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara ashirin da huɗu ce, ni kuma ina da ashirin da uku, kuma can ne mutanen manyan kulob ke zuwa su zauna da takarda suna duba yara. In ban je bana ba, ba ni da baɗi.

Ni ɗan tsakiya ne. Aikina in tsaya ƙarƙashin kwando in hana a shigo mana, in cafe ƙwallon da ta bugi allo ta dawo, in kuma tsaya kamar turke in tare mai bin ɗan wasanmu har ya samu sarari ya jefa. Ba aikin da ake yi wa tafi ba ne.

Ranar farko kyaftin ɗin Sabo, Jamil, ya dube ni tun daga takalmi har kai, ya ce ashe falwayar tasha aka ciro aka kawo musu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya na ji cewa Salisu ɗan baffansa ne, ɗaki ɗaya suka tashi.

Akwai al'adar da na tarar a ƙungiyar. Wasanninmu ranar Asabar ne, ana farawa huɗu saura kwata, don haka kiran la'asar yakan faɗo ne daidai shiga zango na biyu. Alƙalin wasa ba ya tsayar da agogo. To, da ladan ya ɗaga murya, manyan 'yan wasa biyar sai su fita gaba ɗaya, su bi Koci masallacin da ke bayan fili su yi jam'i. Waɗanda suka zo ƙungiyar daga baya su ne ke riƙe fili. Ba da shekaru ake girma ba, da ranar shigowa ne, wanda ya zo ƙarshe shi ke salla ƙarshe. Ni ne na ƙarshe. Sauran huɗun yara ne 'yan sakandare, ɗayansu ma in ya ga mutum ya taho da gudu sai ya runtse ido.

Ƙungiyoyin unguwannin Mokola da Oke-Ado sun daɗe da sanin wannan. Musulmin cikinsu sai an tashi suke yin tasu sallar. Da sun ji kiran salla sai ka ji kocinsu yana cewa oya, oya, wato maza, maza, ya zuba gwanayensa biyar a kanmu. Minti goma muna shan wuya. Manya su dawo da sanyin alwala a fuska, mu kuma mu fita mu yi tamu, kafin in sallame an yi nisa a zango na uku, Koci kuwa ba ya taɓa biyar ɗinsa in suna ci. Haka na yi wasa biyar. Ban ga laifin abin ba. Salla ce, kuma baƙo ai shi ke bi a hankali.

Akwai kuma Nabil. Shi ba ya wasa. Ya yi karatun lissafi a jami'a, yana ɗaukar kowane wasa a waya, ya je gida ya ƙirga komai a kwamfuta. Ya ce yawan ƙwallon da mutum ya ci ba ya nuna amfaninsa, tsohon yayi ne. Abin da yake dubawa shi ne, a duk lokacin da kake cikin fili, nawa ƙungiya ta ci, nawa aka ci ta, a kowane hari ɗari. In an fi cin ta, lambarka tana ƙasa da sifili. Na ji daɗin wannan magana da farko, na ce to ga wanda zai ga aikin irina.

Bayan wasa na biyar aka tara mu a bakin fili. Nabil ya buɗe kwamfutarsa a kan benci, yana karanta suna da lamba. Jamil sama da sifili da sha takwas. Wane sha biyar, wane sha huɗu. Da ya zo kaina sai ya cire gilashinsa ya goge, ya ce tunda ya fara wannan aiki bai taɓa ganin ɗan tsakiya mai irin wannan lamba ba. Ƙasa da sifili da talatin da ɗaya. Ya ce ma'anarsa, da za a bar gurbina babu kowa a lissafi, da ƙungiya ta fi samun sauƙi.

Jamil ya ce, "Wato da shi gara babu."

Nabil ya ce shi bai faɗi haka ba, lamba ce ta faɗa.

Daga ranar sunana ya koma Ƙasa-da-Sifili. Masu okada na bakin layi suka ɗauka, mai shayi ya ɗauka. In na zo wucewa sai wani ya ce a riƙe aljihu, ga mai rage abu ya taho. A wajen atisaye Jamil yakan miƙo mini ƙwallo da hannu biyu, kamar mai ba maroƙi sadaka, sai na miƙa hannu ya janye. Nabil kuma ya tura takardar a zauren waya na masu horar da ƙungiyoyin gari duka, don yana neman a ɗauke shi aikin lissafi a tawagar jiha, yana so a ga gwanintarsa.

Ni ba mai saurin gane abu ba ne. Kwana uku ina juya maganar a raina, ina tuna ƙwallayen da na tare da waɗanda na cafe, ina rasa inda suka shiga. Ranar Talata da hantsi ina zaune a tsakar gidan Yaya Ruƙayyatu tana suyar awarar da take sayarwa, ta ga ban taɓa wadda ta zuba mini ba, ta tambaya. Na ba ta labari daga farko, har da zancen la'asar, don na saba in na fara magana ba na tsallake komai.

Ta juya awara, ta ce in sake faɗi, da wa da wa nake wasa. Na faɗa. Ta ce su manyan fa, na taɓa shiga tare da su ko sau ɗaya? Na yi tunani na ce a'a.

Ta ce, "Manniru, in na ce ka fitar mini da awara sai lokacin da duk unguwa ke cikin masallaci, ka dawo da ita ba ta sayu ba, awarar ce ba ta da daɗi?"

Na ɗauki awarar na ci. Sai a lokacin na ji yajin.

Da yamma na sami Nabil a shagon gyaran wayar yayansa. Na gaishe shi da Malam, ko da yake na girme shi. Na ce ni ban san lissafi ba, amma ina roƙon ya duba mini abu ɗaya: minti nawa na yi tare da manya. Ya yi murmushi, ya buɗe kwamfuta don ya sallame ni. Ya danna, ya sake dannawa. Murmushin ya tafi. Minti hamsin na buga, duka a zango na biyu, duka da yaran nan huɗu. Ya koma wasannin da aka yi kafin zuwana, ya duba yaran su kaɗai a lokacin la'asar. Ƙasa da sifili da hamsin da biyu.

Na tambaye shi wanne ya fi muni, talatin da ɗaya ko hamsin da biyu, don a ƙasa da sifili ƙidaya tana rikice mini. Ya ce hamsin da biyu. Ya ce zuwana ya ɗaga su da ashirin da ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce to alhamdu lillahi, sai ya faɗa wa Koci, ya kuma tura gyara a zauren nan.

Ya rufe kwamfutar. Ya ce ban gane yadda abin yake ba. Mutanen jiha sun riga sun yaba takardarsa, in ya fito yanzu ya ce ya manta da abu irin wannan, wa zai sake yarda da shi? Ya ce lambar ai ba ƙarya ba ce, abin da ya faru ne. Amma zai yi mini alfarma, zai sa Koci ya fara da ni tare da manya a wasa na shida, in lamba ta canza shi zai faɗa da bakinsa. Na yi masa godiya har sau biyu.

Asabar ta zo, muna wasa da Mokola. Koci ya fara da ni. Ban taɓa jin wasa ya yi mini sauƙi haka ba. Na tare wa Jamil mai binsa, ya jefa ta shiga. Na sake tarewa, ta sake shiga. Dogonsu ya taho sau biyu na mayar masa da ƙwallo a fuska. Jamil bai ba ni ƙwallo ko sau ɗaya ba, ban kuma nema ba. Minti shida muna gaba da tara. Sai Koci ya fitar da ni, ya ce in huta, la'asar ta kusa.

Ladan ya kira, manya suka fita, na koma da yarana. Aka ci mu da bakwai a zangon, mafi ƙanƙanta tunda na zo. Wasa ya tashi mun yi nasara, na tafi gida ina gaida kowa a hanya.

Lahadi bayan azahar aka tara mu don karanta sunaye. Kafin a fara na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi ba, na ce Malam Nabil yana da magana a kan minti shidan jiya. Nabil bai dube ni ba. Ya ce gaskiya ne an ci tara a lokacin, amma duk mai ilimin lissafi ya san minti shida ba ya zama hujja, sa'a ma tana iya kawo haka. Minti sittin na la'asar su ne masu nauyi. In aka haɗa duka, ina nan ƙasa da sifili da sha tara.

Na ce, "Malam Nabil, hamsin da biyun fa?"

Ya ce bai san wace hamsin da biyu nake nufi ba.

Jamil ya ce taran nan ma ai shi ya ci bakwai a ciki, ko falwaya ce ta jefa? Aka yi dariya. Na dubi Koci. Mutum ne mai kirki, ya taɓa ba ni takalminsa. Ya ce shi da ido yana ganin ina ƙoƙari, amma zamani ya canza, ba zai yi musu da kwamfuta ba. Na so in ce masa al'adar salla ce ta jawo, sai na ji nauyin in buɗe baki in ɗora wa salla laifi a gaban mutane.

Ya karanta sunaye sha biyu. Na ƙarshe Salisu ne. Ashe tun safe yana shagon Jamil yana jira, sai ga shi ya fito da jakarsa. Jamil ya ce in cire rigar ƙungiya, ita ce lambar Salisu tun asali, in kuma wanke ta da kyau kada ragin ya shafe shi.

Litinin na hau mota zuwa Ojoo. Tsohon kocina ya karɓe ni da fara'a, ya ce pele, wato sannu, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce ya ga takardar a zaure tun makon jiya, ya ɗauko wani dogo daga Moniya, sunayensu sun riga sun tafi. Ya ce shi kansa ya yi mamaki, shekara uku ina gabansa bai san haka nake ba.

Na wanke rigar, Yaya ta goge mini ita da dutsen guga na gawayi, na kai wa 'yan Sabo.

Asabar ta gaba suna da wasan share fage kafin tafiya. Ban je fili ba. Da aka kira la'asar ina kusa, na yi alwala a nutse, na shiga masallacin bayan fili na samu sahun farko. Can sai ga su sun shigo da zufa, Koci ya wuce gaba, Jamil ya tsaya a damana, kafaɗarsa tana taɓa hannuna. Muna cikin salla ina jin ihun 'yan Oke-Ado daga fili, ina jin ƙarar kwando, na san ana cin yaran.

Da aka sallame Jamil ya miƙo mini hannu, na karɓa. Ya riƙe bai saki ba, ya ce a hankali, don kada Koci ya ji, "Ƙasa-da-Sifili, yau wa ka bar wa fili?"