Abin da Aka Rubuta a Motar Baba Makau

"Ƙara karkato ta," in ji Baba Makau. "Ba ƙohwar gidana nika son gani ba, na san ta. Motar nika so."

Mijina Bilyaminu yana kan tsani yana ɗaure kyamara a ƙarƙashin indararonmu, ni kuma ina bakin zaure riƙe da wayata ina faɗa musu abin da ke fitowa. Kyamarar 'yar ƙarama ce, ba ta fi dunƙulen hannu ba, da ɗan allon sola a kanta. Baba Makau ne ya aika aka sayo ta daga Gusau. Da yake katangarmu ce ke kallon inda yake ajiye motar, wayarsa kuma mai madannai ce, sai aikin dubawa ya faɗo kaina.

Tsohuwar Golf ce ja. Lungun gidansa ko amalanke ba ya ɗauka, shi ya sa shekara goma sha bakwai a bakin titi take kwana, ba a taɓa ko ƙwarzane ta ba. Duk Anka an san ta. Lokacin da gubar dalma ta kama yara a Bagega da Abare, ita ta yi ta jigilarsu zuwa asibiti. Amma a 'yan watannin nan an fasa mata madubi, an soke taya biyu, daga ƙarshe aka sa ƙusa aka karce ƙofar direba da manyan baƙaƙe karkatattu: INFOMA.

A wajenmu wannan kalma ta wuce zagi. Wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga rahoto, ba kasafai ake tsayawa jin ta bakinsa ba.

Asalin maganar tun daminar bara ce. 'Yan bindiga suka tare Baba Makau a hanyar Bagega, suka kwashe fasinja huɗu, shi kaɗai ya dawo gari. Uku daga cikinsu baƙi ne masu haƙar zinari, da aka sako su suka wuce garuruwansu. Na huɗun Shamsu ne, ɗan Atine mai ƙosai a bakin tasha, shi ke nan gare ta. Zazzaɓi ya kashe shi a daji. Tun daga nan aka fara raɗe-raɗi: me ya sa aka bar direban?

Baba Makau bai taɓa ba da amsa ba. Ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, tuƙin ma ya daina.

"Ka saishe ta mu huta," in ji matarsa Inna Sahura, tana tsaye a bakin lungu tana kallon tsanin.

"In na saishe ta, sai a ce na amsa laihi. Ina da ɗiya maza cikin garin ga, Sahura. Ba ni shiga kabari da wagga kalma, in bar masu ita gado."

Kullum da safe kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, sai in tarar da shi zaune a dakalinmu da sandarsa.

"Hamida, mi anka gani?"

"Karnuka biyu, Baba, sai akuyar da ta hau gaban motar."

"To. A ci gaba."

Kwana shida muna haka. Duk mun ɗauka aikin samari ne, kuma aikin duhu. Ranar Juma'a da aka sakko daga masallaci, sai Bilyaminu ya shigo yana salati, ya ce gilashin gaba ya tsage. Na ɗauki waya na mayar da hoton baya. Ƙarfe biyu saura, rana tsaka, titi fayau don duk maza suna masallaci. Wata mata cikin hijabi mai ruwan ƙasa ta fito daga lungun 'yan gawayi da dutse a hannu. Ta doki gilashin sau biyu. Daga nan ta saki dutsen, ta kifa goshinta a rufin motar, kafaɗunta suna rawa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago za ta tafi, fuskarta ta fito sarai. Atine ce.

Sau uku Baba Makau ya sa na maimaita masa, yana riƙe da wayar da hannu biyu.

"Gidan mai unguwa za mu kai," in ji Bilyaminu. "Kowa ya gani, a san ba wata hujja, baƙin ciki ne kawai."

"Ranar sunan yaron nan ni na dafa mata tuwo," in ji Inna Sahura. "Ashe ita ce ka son a kashe man miji."

"Ba mai kai shi ko'ina," Baba Makau ya ce. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Hamida, ɗauko mayahinki. Ke za ki raka ni."

Tafiyar minti biyar ce zuwa gidan Atine, muka yi rabin awa. Duk 'yan taku sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Ya zauna a zaure, ni na shiga ciki na yi sallama. Da ta ji wanda ya zo, ko ɗago kai ba ta yi daga waken da take surfawa ba.

"Ki ce mai ba ni nan."

Washegari ma haka. Rana ta uku sai ya sa na ɗauko masa tabarma da buta.

"Ki hwaɗa mata nan zan yi azahar, nan zan yi la'asar. In Allah ya ɗau raina cikin zaurenta, ita za ta kira mutane."

Sai bayan la'asar ta fito. Ba ta shigo zauren ba, ta tsaya bayan labulen buhu da ke ƙofar ciki, ƙafafunta kawai muke gani.

"Na san kun gan ni," ta ce. "Ku kai ni inda za ku kai ni."

"Ba shi ya kawo ni ba. Maganar Shamsu na zo in hwaɗa maki."

Ya gyara zama, ya fara.

"Da sunka tare mu, duk mu biyar sunka kora daji, har da ni. Sunka aza man buhun shinkahwa. Ba mu yi nisa ba na hwaɗi. Na tashi, na sake hwaɗuwa. Ɗayansu ya ce wanga tsoho ɓata muna lokaci zai yi, ya ɗora man bindiga nan." Ya taɓa bayan kunnensa. "Sai Shamsu ya shiga tsakani. Ya ce masu, ubana ne, ba shi da lahiya, ku bar shi, ni zan ɗauki kayanai da nawa. Sunka buge shi da gindin bindiga, bai gusa ba. Ya jawo ni inuwar wani kalgo ya jingine ni, ya aza buhu biyu ga kai, sunka wuce. Abin da ya sa na dawo ke nan, Atine. Ba wani abu."

Labulen ya motsa kaɗan.

"Mi ya hana ka hwaɗi tun bara?"

"Kunya. Yaro ya tsaya, tsoho ya dawo gida ya ci tuwo. Da wane baki zan hwaɗa maki?"

Na ɗauka kuka za ta fashe da shi. Can sai ta ce, a hankali, "Da takalmi ga ƙahwatai?"

"Da su. Na roba, sababbi."

Muka ji ta ja numfashi mai tsawo. Ba ta ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

"Tashi ka tahi gida," ta ce. "Ƙahwarka ta kumbura."

A hanya ya tsaya ya ce in goge hoton a gabansa. Na goge. Na tambaye shi ko a sauke kyamarar.

"A bar ta nan. Ba Atine kaɗai ke da dutse ba cikin garin ga."

Ba a sake taɓa motar ba. Bayan kwana huɗu Bilyaminu ya dawo daga tasha da labari. Wani ɗan acaɓa ya sayi ƙosai, yana cikin hira ya ambaci sunan Baba Makau haɗe da kalmar nan. Atine ta miƙa hannu ta karɓe ƙosan, ta juye shi cikin kwando, sannan ta ba da labarin kalgon nan a gaban duk wanda ke wurin, da ƙarfi, har masu lodi suka tsaya. Da aka faɗa wa Baba Makau yana kwance, don a lokacin ya daina fitowa. Ya ce a maimaita masa wajen karɓe ƙosan. Aka maimaita, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Laraba da hantsi ya rasu, bayan ya sa an juya shi gabas.

Yinin nan Inna Sahura ba ta sa komai a bakinta ba. Mata sun cika tsakar gida, kowa ta lallashe ta, ta ƙi. Wajen la'asar sai hayaniya ta ɗauke. Atine ce ta shigo da ƙwarya a lulluɓe da faifai. Ta ratsa tsakanin tabarmi ba ta kalli kowa ba, ta durƙusa gaban Inna Sahura, ta buɗe. Kunun tsamiya ne, yana tururi. Ta ɗebo a ludayi ta miƙa.

Inna Sahura ta daɗe tana kallon hannun. Hannun bai sauka ba. Can ta karɓi ludayin, ta hura sau biyu, ta kai baki.