Gwangwani Biyu Marasa Lamba

Shekara talatin da ɗaya Baba Majigi ya yi yana haska fim a tsohuwar silimar bakin kasuwa, wadda yanzu ake jibge siminti a cikinta. Daga nan ya samo sunan. Boko bai wuce aji uku ba, amma in dai zancen fim ne, babu mai ja da shi a unguwar. Abin da ya faɗa ya zauna. Da wannan yake tinƙaho, ba shi kuma da wani abin tinƙahon bayansa.

Kullum da yamma yana zama a shagon Tela, a kan benci ɗaya da Direba, wanda ciwon baya ya sauke daga mota. A nan Direba ya kawo labarin cewa an sake yin fim ɗin masunci.

Sunan fim ɗin na gaskiya babu wanda ya taɓa iya faɗa, don da yaren wata ƙasa mai nisa aka yi shi. Fim ɗin masunci kawai ake cewa, kuma duk wanda ya haura hamsin a unguwar ya san shi. Masunci ne da matarsa da ɗansu. Ya yi rigima da mai jiragen garinsu, ya saɓi jaka ya fita. Sai a gan shi a kan ruwa, hadari ya kife masa kwale-kwale, ruwa ya cinye shi. Matar ta yi ta kuka a bakin gaɓa, 'yan kallo na taya ta. Ana cikin share hawaye, sai ga shi ya ɓullo ta kan tudu da jakarsa, yana dariya. A nan fim ke ƙarewa, a tashi ana tafi.

Direba ya ce ɗansa ya ga sabon, kuma a can masunci bai dawo ba, ya mutu ke nan. Baba Majigi ya ce aikin yaran zamani ke nan, ba su iya gini ba sai rushewa. Direba ya ce ai ɗan nasa ya ce sabon bin tsohon ya yi sau da ƙafa, babu abin da aka canza.

"Ɗanka maƙaryaci ne," in ji Baba Majigi. "Sau ɗari biyu da 'yan kai na haska fim ɗin nan da hannuna. Yana ina lokacin?"

Tela ya ci gaba da taka keke.

Da Baba Majigi ya koma gida abin ya ƙi barinsa. Ba fushi ne ya dame shi ba. So yake ya san dalili. Mutum ya tara jama'a, ya sha wahalar sake fim tun daga farko, don kawai ya kashe masunci? Me masuncin ya tare masa? Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, bai ga kansa ba.

Jikarsa, wadda kowa ke kira Malama don tana koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ta lura tsohon yana magana shi kaɗai. Da ta ji dalili ta yi dariya, ta ce gani ya kori ji, ranar Asabar za ta kai angonta silima, amma da sharaɗin ya sa rigar kirki kada ya kunyata ta a idon ƙawaye. Ya ce shi ya sake ta tuntuni, ba ya zama da mace mai surutu. Ranar Asabar tun kafin azahar ya shirya yana jiranta a bakin ƙofa.

Sabuwar silimar tana saman bene ne, a cikin wani ƙaton gini mai shaguna. Sanyin ciki kamar randa. Kujerun suna da taushi, har ya ji kunyar zama. Kowa na duban gaba, shi ya waiwaya baya yana neman tagar ɗakin inji. Ya gan ta, 'yar ƙarama, haske na fita ta ciki. Ya kasa kunne bai ji ƙarar komai ba. Ya sa Malama ta tambayi mai karɓar tikiti ko wa ke aiki a ɗakin. Aka ce babu kowa, na'ura ce ke yi da kanta. Ya ce to, in fim ya tsinke fa, wa za a zaga? Mai tikiti ya ce ba ya tsinkewa. Baba Majigi bai yarda ba.

Aka fara. Sabon masuncin bai yi masa ba: ya cika tsoka, hannunsa sumul, da gani bai taɓa jan raga ba. Na da ƙashi ne da jijiya. Kiɗan ya yi yawa. Amma ruwan ya burge shi, shuɗi ne har kana ganin kifi a ƙasa, alhali a tsohon ruwa da sama duk toka-toka ne. Kuma an fassara maganar a ƙasan allo, Malama na karanta masa a kunne. A ranar ya san abin da ya haɗa masunci da mai jirage. Shekaru yana gaya wa mutane a kan raga ce. Ashe a kan wurin ɗaure kwale-kwale ne. Ya yi gyaran murya, ya ce mata da ma ya yi zargin haka.

Tsohon fim ɗin a gwangwani shida yake zuwa, kowane naɗi na cin kamar minti ashirin. Jikinsa bai manta ba. Duk inda ya kamata a canza naɗi, sai ya ji yatsunsa sun motsa a kan cinya. Ya lura kuma waɗannan yaran ba su yi ha'inci ba. Inda na da ya tsaya, nan na yanzu ya tsaya. Inda matar tsohon fim ta zubar da ruwan tulu, nan ta yanzu ta zubar. Har karen da ke gilmawa bayan bukka ba su manta da shi ba.

Naɗi na huɗu ya ƙare, masunci ya saɓi jaka ya fita. Baba Majigi ya gyara zama yana jiran hadari. Sai ga masunci yana gangarowa daga tudu yana dariya. Malama ta raɗa masa cewa birni ya je neman aiki, wata shida, yanzu ya dawo. Bayan an gama murna ne ya koma su, hadari ya taso, kwale-kwale ya kife. Matar ta yi kuka. Aka kunna fitilu.

Mutane suka watse, shi yana zaune yana kallon allo.

"Tashi mu tafi, ango," in ji Malama. "Ba zai fito ba."

Suka kama hanyar gida. Abu ɗaya ke cinsa. Mutanen da suka kiyaye kare, yaya za a yi su juya hadari da dawowa? Ruwa ba ya tsami banza. Da suka iso gida ya tambaye ta, yana kallon wani wajen, ko ana samun tsohon a wannan wayar tata da ake cewa babu abin da ba ta haɗiye ba.

Washegari da hantsi ta jingina wayar da kwalbar mai a kan tebur, ta jawo masa kujera. Ga shi nan, toka-toka, da masuncinsa mai jijiya. Baba Majigi ya ji kamar ya haɗu da tsohon aboki a tasha. Ya riƙa faɗin abin da zai faru kafin ya faru, har zuwa inda masunci ya saɓi jaka. Masunci ya dawo ta kan tudu. Sannan ya koma ruwa ya nutse. A ƙarshe wani rubutu ya hau allo, wanda Baba Majigi bai taɓa gani ba.

Sai ranar ta dawo masa. Watansa biyu da kama aiki aka kawo fim ɗin, ya riga ya zaga garuruwa ya tsufa, farko da ƙarshen kowane naɗi duk sun cinye. Gwangwani huɗu na da lamba a murfi. Biyu takardarsu ta ɓare. Manaja ya yi tafiya. Akwai wanda ya koya masa aiki, gidansa ba nisa, amma zuwa tambaya zai nuna bai ƙware ba. Ya jera su da kansa, ya ɗauki ƙusa ya karce biyar a kan ɗaya, shida a kan ɗaya. Masu fim ɗin ba su taɓa zuwa karɓar abinsu ba. Shekara goma sha ɗaya fim ɗin yana silimar, ana haska shi duk lokacin da ba a samu sabo ba, har ya ruɓe.

Ya tuna da ɗan masuncin ma. A wurin kuka a bakin gaɓa yaron na tafiya da ƙafarsa, amma da uban ya dawo sai a gan shi a goye. An sha musu a kan haka. Baba Majigi ne ya yanke hukunci cewa ƙanensa ne aka haifa, kowa ya yarda.

Ya gaya wa Malama duka, a taƙaice. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskarsa ta daina. Ta ce babu wanda ya sani sai su biyu, kuma ita matar rufin asiri ce. Tsofaffin nan ba za su hau bene kallon fim ba, ɗan Direba kuwa ba zai ja da sa'an ubansa ba. Ta ce ya yi shiru kawai, magana ta wuce.

Kwana uku bai je shago ba. A na huɗu ya sa hula ya fita.

Ya tarar da su yadda ya bar su. Tela ya ce har sun fara shawarar zuwa gaisuwar mutuwa. Bai zauna ba. Ya tsaya a gaban Direba, ya ce ɗansa ba maƙaryaci ba ne, a gaya masa haka. Sannan ya faɗi zancen gwangwani biyun, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba.

Suka ƙi yarda. Direba, wanda aka wanke wa ɗa, shi ya fi kowa tada jijiyar wuya. Ya ce da idonsa ya ga masunci ya dawo, sau ashirin ko fiye, tsufa ne ya fara taɓa Majigi. Tela ya ce wayoyin nan babu abin da ba a haɗawa a cikinsu. Baba Majigi ya tsinci kansa yana kafa hujja a kan kuskurensa da irin taurin kan da ya saba kare gaskiyarsa. Ya tambaye su: mutumin da ruwa ya ci, ina ya samo jaka busasshiya? Me ya sa da ya dawo babu wanda ya firgita, babu wanda ya tambaye shi yadda ya tsira? Kuma a wace duniya yaro ke tafiya yau, gobe ya koma goyo?

Keken Tela ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Wato shekara goma sha ɗaya kana tayar da matacce muna tafa maka."

"Haka ne."

"To da ka rasa lamba, da me ka zaɓa?"

"Na ɗaga su ga hasken taga. A ɗaya na ga mutum ya nutse. A ɗaya na ga mutum ya dawo gidansa. Kai wanne za ka sa a ƙarshe?"

Tela ya mayar da tabarau, ya daɗe yana neman ramin allura. Can ya ce wa Direba ya matsa, mutum na tsaye.

Baba Majigi ya zauna. Amma Direba ya samu abin da bai taɓa samu ba, bai kuma yi niyyar sakinsa ba. Ya ce tunda haka ne, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin 'yan dambe fa, daidai yake? Baba Majigi ya ce daidai, da lambobinsa ya zo. Na jirgin ƙasa? Daidai. Na sojan da ya makance?

"Daidai," in ji shi.

"Na tagwayen nan fa, da aka kashe ɗaya, can kuma muka gan su su biyu suna cin abinci?"

Baba Majigi ya ƙura wa ƙasa ido, yatsunsa na ƙirga wani abu a kan gwiwa.

"Wannan," ya ce, "sai na sa Malama ta nemo mana shi."