Sawun Kubura a Siminti

Shekarar da Mala ya shafe tsakar gidansa na Fagge da siminti, maƙwabta sun sha fariya har sun gaji. Ambrose, maginin da ya ɗauko daga Sabon Gari, bai gama wanke cebur ba 'yar Mala, Kubura, ta kufce daga hannun uwarta Yakaka, ta taka ɗanyen simintin dab da bakin rariya. Kafin damina ta zagayo ƙyanda ta ɗauke yarinyar. Sawun ƙafa guda ya rage.

Yakaka koko take sayarwa. Kullum da hantsi takan tsiyaye ruwan tsamin gasara, ya bi ta kan sawun ya faɗa rariya. Wata rana ta sa yatsa a ciki. Sawun ya ƙara zurfi. Bayan babbar salla ya sake ƙarawa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ita ta riga ta gama yarda yarinyar ce ke dawowa tana taka wurin. Tana jin tsoro, amma daɗin ya fi tsoron yawa.

Mala kuwa, mai idon ganin ɓarna, bakin rariyar ya ga yana zubewa, ya kirawo Ambrose. Maginin ya durƙusa ya murza simintin, ya dagargaje kamar jiƙaƙƙen ƙuli. Ya sunsuna yatsunsa.

"Uwar Kubura, ruwan tsami ne," in ji shi. "Yana cin siminti kaɗan kaɗan. Haka ya cinye kwatar masu burukutu a wajenmu. Inda ya kwanta, nan ya fi ci." Ya nuna sawun. "Ki zuba wani wuri, wannan zai tsaya haka."

"Zai tsaya?"

"Ba zai ƙara zurfi ba. In kin ci gaba, zai shafe duka."

Ta koma kai ruwan bayan gida. Sawun ya bushe, ya tsaya cik. Safiya bayan safiya tana sa yatsa, ba abin da ya motsa. Gidan ya yi wani shiru da bai yi ba ko ranar da aka fita da gawar.

Ta san gaskiya Ambrose ya faɗa, ba ta taɓa musa masa ba. Amma wata Juma'a, da Mala ya fita masallaci, ta ɗauko ƙwaryar ruwan tsamin ta durƙusa, ta tsiyaya ruwan a hankali har sawun ya cika.

Ƙaramin yatsan sawun ne ya fara shafewa.