Aron Aina'u

Cindon ne ya tona asiri. Huseina ta kama hannun yarinyar za ta zagaya mata ma'auni a damtse, sai ta ga ɗan yatsa na shida yana reto a gefen ƙaramin. Ta ɗaga kai ta dubi matar da ta kawo ta, baƙuwar fuska ce, ba ta taɓa ganin ta ba.

"Baiwar Allah, yaya sunan 'yar taki?"

"Ramlat," in ji matar, idonta a ƙasa.

Ramlat a gidan uban wa! Wannan Aina'u ce, autar Hure ta ƙauyensu. Huseina 'yar sa-kai ce, aikinta bin gida-gida tana auna damtsen yara, wanda ma'auni ya nuna ja ta tura shi asibiti a ba shi abincin tamowa, gyaɗar nan mai maiƙo ta cikin leda. Da ƙafarta ta raka Hure karɓar na Aina'u tun farkon damina. Yau ma sa'a ce aka yi, hannu ya yi ƙaranci a wannan asibitin da ke hayin Kunci, aka roƙe ta ta zo ta taya su.

Ta danna babban yatsa a ƙafar yarinyar. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Innalillahi! Kumburi ya shigo, kuma ta san abin da ke biyo bayansa.

"Ina kika samo ta?"

Matar ta fara kame-kame, sannan ta saki baki. "Aro aka ba ni, Malama. Wallahi ba ni na fara ba. In na karɓo abincin, mu raba biyu da uwarta."

* * *

A kan ɗan acaɓa suka koma, Aina'u na goye a bayan Huseina, ba nauyi, kamar ta goya tsumma. Gero ya yi kore shar dama da hagu, amma da sauransa, rumbuna kuwa sun daɗe da komawa ɗakin kaji. Duk hanya Huseina tana tafasa. Ashe shi ya sa duk zuwan da za ta yi sai a ce yarinya tana gidan kakarta!

Ta iske Hure a tsakar gida tana dama kunun dusa. Tun da mijinta ya tafi cirani Kudu shekaru biyu da suka wuce, ko saƙon gaisuwa babu. Yara huɗu sun kewaye ƙwarya, tana matsa musu leda ɗaya a ciki tana juyawa.

"Hure, 'yarki kike bayarwa aro kamar turmi?"

Hure ba ta razana ba, wannan ne ma ya fi ɗaga wa Huseina hankali. Ta goge hannu a zani.

"Sannu da zuwa, Malama. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba! Ina abincin da ake ba ta?"

"Ga shi kina gani."

"Na Aina'u ne ita kaɗai, magani ne! Sau nawa na faɗa miki?"

"Kin faɗa. Kin kuma faɗa mini ranar da ma'auninki ya nuna kore, an sallame ta ke nan." Ta nuna yaran da haɓa. "In an sallame ta, waɗannan fa? Su ci kore?"

Huseina ta tuna. Ita ce ta faɗa, da murmushinta, tana ƙarfafa mata gwiwa.

"Ina ba ta," Hure ta ci gaba a hankali. "Ina lasa mata daidai yadda rai ba zai fita ba. Kina tsammani ina barci? Ni na haife ta, Malama. Amma baki biyar ne, ita kaɗai gwamnati ta sani."

"Rai na gab da fita, Hure. Dubi ƙafarta. Yau za a kwantar da ita a Kano, ko ki yarda ko na kira mai unguwa."

Hure ta taɓa ƙafar, ta ga yadda ta lotsa. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar riga da wani tsohon zani, ta miƙa.

"Ki tafi da ita. Ni ba ni da wanda zan bar wa waɗannan. Allah ya ba ta lafiya."

* * *

Huseina ta gyara goyo, ta nufi zaure tana laluben lambar direban motar asibiti. A bakin ƙofa ta waiwaya don ta yi sallama.

Hure ta durƙusa a gaban Iliyasu, wanda Aina'u ke bi, ɗan shekara uku. Ta kewaye damtsensa da yatsu biyu kamar ma'aunin Huseina, ta daɗe tana kallo. Yaron ya miƙa ludayinsa zai ƙara ɗiba, sai ta janye ƙwaryar daga gabansa, ta tura wa yayyensa.